Shin da gaske akwai abin da "ba shi da kemikal"?

Duk lokacin da labari ya fito cewa an gano wani sinadari a abin sha ko sabulu ko man shafawa, tambaya ɗaya ce ke fara zuwa bakin mutane: shin abin nan yana da kemikal? In aka ce e, sai gaba ya faɗi. In aka ce a'a, sai hankali ya kwanta. Masu talla sun daɗe da gane wannan lagon namu, shi ya sa suke manna wa kayansu rubutun "babu kemikal", mai saye kuma ya ɗauka da natsuwa.

Ruɗanin ya fito fili a ranar 14 ga Yuli, 2023, lokacin da wasu hukumomi biyu masu alaƙa da Hukumar Lafiya ta Duniya suka yi magana a rana guda kan asfatem, sinadarin zaƙin nan da ake sakawa a lemon kwalba da cingam marasa sukari. Ta farko, IARC, mai binciken cutar daji da ke birnin Liyon na Faransa, ta saka shi a rukunin abubuwan da "mai yiwuwa" suna haddasa cutar daji. Na biyu, kwamitin JECFA mai duba sinadaran da ake ƙarawa a abinci, ya ce bai ga dalilin sauya iyakar da ya daɗe da sanyawa ba, wato miligiram 40 a kan kowane kilogiram na nauyin jikin mutum a rana. Wasu suka ji rabin farko kawai suka firgita. Wasu suka ji duka biyun suka ce ai ga shi nan, masanan ma ba su san abin da suke yi ba. Alhali maganganun biyu ba su ci karo da juna ba. Gane hakan yana buƙatar abubuwan da ake koyarwa tun makonnin farko na darasin kimiyyar sinadarai: mene ne sinadari, yaya ake auna shi, kuma ta wace hanya ake tabbatar da magana a kansa.

## Mene ne sinadari tun farko?

Duk abin da yake da nauyi kuma ya ci wuri, da ƙananan ƙwayoyin zarra aka gina shi, waɗanda masana ke kira atam. Iri 118 aka sani zuwa yanzu, kuma kowane iri tushen sinadari ne mai zaman kansa: oksijin, haidurojin, kabon, ƙarfe, zinariya, dalma da sauransu. Fiye da 90 ana samun su a halitta, ragowar a ɗakin gwaje-gwaje aka samar da su. Idan zarra iri biyu ko fiye suka ƙulle da juna a kan wani ƙayyadadden kaso, sai a sami haɗaɗɗen sinadari, kuma halinsa kan sha bamban da na iyayensa.

Gishiri ne misalin da ya fi burge ni. Sodiyam ƙarfe ne mai laushi da ke tartsatsi, har ya kama wuta, in ya taɓa ruwa. Kulorin iska ce mai dafi da aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Su biyun nan ne suka haɗu suka zama gishirin da jiki ba ya rayuwa sai da shi. Haka ruwa: zarrar haidurojin biyu da ta oksijin ɗaya. Ƙara oksijin ɗaya tak, sai ya zama sinadarin da ake wanke rauni da kashe launin gashi da shi. Kabon ɗaya da oksijin biyu ita ce iskar da muke fitarwa a numfashi. Cire oksijin ɗaya, sai ta zama iskar nan mara wari da ke kashe mutane a rufaffen ɗaki idan ana ƙona mai ko gawayi babu mafitar hayaƙi.

Ke nan ruwa sinadari ne, iska gaurayen sinadarai ce, nonon uwa ma haka. Babu kwalbar da za a cika da wani abu a ce babu kemikal a ciki, domin ita kanta kwalbar sinadari ce. A 1997 wani ɗalibi ɗan shekara 14 a Amurka ya gwada abokan karatunsa. Ya ba su bayanin wani abu mai dogon suna na kimiyya, ya ce yana sa ƙarfe tsatsa, tururinsa yana ƙona fata, shaƙarsa tana kisa. A cikin 50, mutum 43 suka goyi bayan a haramta shi. Ruwa yake nufi, kuma bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Sunan ne ya tsorata su.

## Na halitta da na masana'anta

Mai karatu zai iya cewa: to ai mun san haka, abin da muke nufi shi ne wanda aka haɗa a masana'anta. Wannan rabon ma ya taɓa zama ra'ayin masana. Sun daɗe suna ganin akwai wani sirri a jikin mai rai wanda sai da shi ake iya samar da wasu sinadarai. A 1828 Bajamushe Friedrich Wöhler ya samar da yuriya, sinadarin da ke cikin fitsari, daga kayan da ba su fito daga jikin wata dabba ba, kuma ta fito daidai da ta jiki. Daga nan wancan ra'ayi ya fara rushewa sannu a hankali.

Bitamin C da aka haɗa a masana'anta da wanda ke cikin lemun tsami tsarin zarrarsu ɗaya ne, jiki ba shi da hanyar tambayar kowannensu daga ina ya fito. A ɗaya ɓangaren kuma, wasu daga cikin mafi munin dafin da aka sani halitta ce ta yi su. Dafin botulinum ƙwayar cuta ce ke samar da shi. Afulatoksin, wanda aka tabbatar yana jawo dajin hanta, daga fumfunar da ke kama hatsi da gyaɗa masu danshi yake fitowa.

## Yawa ne ke mai da abu dafi

Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Paracelsus, wanda ya rasu a 1541, shi ake jingina wa ƙa'idar da har yau ake gina ilimin dafi a kanta: kowane abu yana iya zama dafi, yawan da aka sha ne ke raba dafi da magani. Farasitamol yana sauke zazzaɓi, amma babban mutum ba ya wuce giram 4 a rana, in ya zarce sosai hanta ce za ta lalace. Seleniyam jiki yana buƙatarsa, sai dai buƙatar ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na miligiram a rana ba, kuma yawansa yana zubar da gashi da lalata farce. Fulorayid kaɗan yana kare haƙori, mai yawa yana ɓata haƙori da ƙashi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyakar miligiram 1.5 a kowace litar ruwan sha. Shi kansa ruwa, in aka ɗirka da yawa cikin ɗan lokaci, yana tsinka gishirin jini har ya kai ga halaka.

Tunda yawa ne abin dubawa, dole a koma ga awo. Nan ne kuma aka fi yaudarar mutane.

## Lamba ba ta da ma'ana sai da ma'auni

A ce maka an sami dalma "10" a ruwa. Goma na me? A cikin ruwa nawa? In maikurogiram 10 ne a lita, daidai yake da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata. In miligiram 10 ne a lita, ya ninka iyakar sau 1,000. Lambar ba ta sauya ba, ɗan guntun rubutun da ke gefenta ne ya sauya, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa.

Tsarin awon da kimiyya ke aiki da shi, wanda ake kira SI, an tabbatar da shi a 1960, amma saiwarsa tana Faransa tun shekarun 1790. A ranar 20 ga Mayu, 1875, ƙasashe 17 suka sa hannu a kan yarjejeniyar mita a birnin Faris don a daina rigimar "awona ya fi naka". Yau tsarin yana tsaye a kan ma'aunai bakwai: daƙiƙa ta lokaci, mita ta tsawo, kilogiram na nauyi, amfiya ta gudun lantarki, kelbin na zafi, kandela ta ƙarfin haske, sai mol na yawan ƙwayoyin sinadari, wanda aka ƙara a 1971. Sauƙinsa shi ne komai da goma-goma yake hawa da sauka. Giram 1,000 ne kilogiram ɗaya. Raba giram gida 1,000, ka sami miligiram. Raba miligiram gida 1,000, ka sami maikurogiram. Sake rabawa, ka sami nanogiram.

Labarin kilogiram ya isa ya nuna yadda masana ke ɗaukar awo da muhimmanci. Daga 1889, kilogiram na duniya wani ɗan curin ƙarfe ne na filatinam da iridiyam, tsayinsa kimanin milimita 39, an kulle shi a ma'ajiya a Sèvres kusa da Faris. Duk sikelin duniya, ta hanyar kwafe-kwafensa, gare shi yake komawa. Da aka riƙa fito da shi ana gwada shi da 'yan'uwansa, sai aka tarar a cikin kimanin ƙarni guda sun sami saɓanin da ya kai wajen maikurogiram 50. Abu ne da ido ba zai lura da shi ba, amma ya hana masana barci, domin ma'aunin da ke motsi ba ma'auni ba ne. A Nuwamba 2018 wakilan ƙasashe suka kaɗa ƙuri'a a Versailles, kuma daga 20 ga Mayu, 2019 aka ɗaure kilogiram da wata tsayayyiyar lamba ta halitta mai ɗauke da sunan Planck, wadda ba ta tsatsa kuma ba ta tara ƙura.

Wanda yake ganin wannan ƙaƙale ne, ya tuna kumbon da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta aika duniyar Mars wanda ya ɓace a ranar 23 ga Satumba, 1999. Manhajar wani ɓangare tana ba da ƙarfin turawar injin da ma'aunin fam na Amurka, masu jan ragamar tafiyar kuwa suna karanta lambobin a matsayin niyutan na tsarin SI. Tsakanin ma'aunan biyu akwai ninki kusan 4.45. Kumbon ya kusanci duniyar fiye da yadda aka tsara, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Lissafin kowane ɓangare daidai yake a karan kansa, ma'aunin ne ba a daidaita ba.

Sai mol, wanda ɗalibai suka fi jin tsoro alhali ƙirga ne kawai, kamar yadda dozin yake nufin 12. Mol ɗaya yana nufin ƙwayoyi 6.02214076 × 10²³, wato kusan 6 da sifili 23 a bayanta. Ruwa giram 18, wanda bai kai cikin babban cokali biyu ba, mol ɗaya ne. Ga inda wannan ya shafi maganarmu. Ɗauki dalma maikurogiram 1 a litar ruwa, wato kashi ɗaya cikin goma na iyakar da aka ambata. Ana iya rubuta shi miligiram 0.001, ya zama kamar ba komai. Ana iya rubuta shi nanogiram 1,000, ya fara ɗaga hankali. In aka ƙirga zarrar dalmar da ke ciki kuwa, kusan 3 ce da sifili 15 a bayanta. Duk ukun gaskiya ne, kuma adadi ɗaya suke faɗa. Mai son kwantar da hankali zai zaɓi na farko, mai son tada hankali ya zaɓi na ƙarshe.

Shi ya sa kalmar "an gano" ita kaɗai ba ta isa labari ba. Na'urorin zamani suna iya gano kashi ɗaya cikin biliyan, kwatankwacin daƙiƙa ɗaya a cikin kusan shekara 32. Da irin wannan kaifin ido, da wuya a duba wani abu a rasa burbushin wani abu a cikinsa.

## Yadda kimiyya ke tabbatar da magana

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma kimiyya ta ƙara da cewa ganin ma sai an auna shi. A ƙarni na 18 yawancin masana sun yarda cewa abu in yana ƙonewa, wani sinadari mai suna filojiston ne ke fita daga cikinsa. Bayanin ya yi daidai da abin da ido ke gani: itace ya ci wuta, ya koma toka 'yar kaɗan. Bafaranshe Antoine Lavoisier sai ya sa sikeli a maganar. Ya gasa ƙarfen kuza a cikin rufaffen tulun gilashi, ya auna kafin da bayan gashi, nauyin bai sauya ba. Da ya buɗe tulun, iska ta kutsa ciki, nauyi ya ƙaru. Ashe ƙarfen wani ɓangare na iska yake kamawa, wanda daga baya ya raɗa wa suna oksijin. Daga irin wannan aiki aka kafa dokar cewa a haɗuwar sinadarai nauyi ba ya ɓacewa kuma ba ya ƙaruwa daga babu.

Tafarkin ke nan a taƙaice: a lura da abu, a yi hasashen dalilinsa, a shirya gwajin da zai iya ƙaryata hasashen, a auna, sannan a bayyana yadda aka yi don wasu su maimaita. Sharaɗin "zai iya ƙaryatawa" shi ne ƙashin bayan abin. A 1869 Dmitri Mendeleev ɗan Rasha ya jera tushen sinadarai a jadawali, ya bar gurabe, ya ce akwai waɗanda ba a gano ba tukuna, har ya faɗi siffofinsu. Da aka gano galiyam a 1875, awon farko na sau nawa ya fi ruwa mai girmansa nauyi ya ba da 4.7, shi kuwa ya yi hasashen wajen 5.9. Ya ce a sake tace shi a auna. Aka sake, aka sami 5.9. Da awon ya tsaya a 4.7, da hasashensa ne zai sha ƙasa, kuma ya san da haka lokacin da ya yi maganar.

Akasin haka ya faru a Maris 1989, lokacin da masana biyu a Jami'ar Utah ta Amurka suka kira 'yan jarida suka ce sun samar da makamashin nukiliya a cikin tulun gwaji ba tare da tsananin zafi ba. Duniya ta ɗauka. Ɗakunan gwaje-gwaje da dama suka gwada maimaitawa, abin ya ƙi fitowa yadda aka faɗa, cikin watanni maganar ta faɗi. Bincike ɗaya, ko daga bakin wa ya fito, farkon magana ne. Shi kansa Lavoisier, a jerin tushen sinadarai 33 da ya wallafa a 1789, ya saka haske da zafi a ciki, kuma na bayansa suka cire su.

## To me ya sa hukumomin biyu suka yi magana daban?

Domin tambayoyi biyu daban aka ba su. IARC tana tambaya ne: akwai hujjar cewa abin nan yana iya jawo cutar daji a wani yanayi, ko da wane yawa ne? Rukunanta ƙarfin hujja suke aunawa, ba girman haɗari ba. Rukuni na 1 shi ne wanda hujja ta tabbata, kuma a ciki akwai hayaƙin taba da barasa da hasken rana, da sarrafaffen nama da aka saka a 2015. Zamansu a rukuni ɗaya ba ya nufin ɓarnarsu ɗaya. Ta taba ta fi ta naman nesa ba kusa ba. Asfatem an saka shi ne a rukunin 2B, inda hujjar take da rauni: wasu bincike sun nuna alamar alaƙa da dajin hanta, amma ba a iya kawar da yiwuwar cewa wani dalili ne daban ko dacewa ce kawai ba.

JECFA kuwa tambayarsa ita ce: a yawan da mutane ke sha, akwai cutarwa? Rijiya tana iya halaka mutum, wannan amsar tambaya ta farko ce. Ko za ta halaka ka, ya danganta da ko tana da murfi da kuma yadda kake kusantarta, wannan ta biyu ce. A ganina laifin ruɗanin ba na jama'a ba ne kaɗai. Duk wanda ya saki kalmar "daji" a kanun labari bai biyo ta da adadi ba, ya san abin da zai biyo baya.

## Masu tsoro ma suna da hujjarsu

Ruwa ba ya tsami banza. A ƙarshen shekarun 1950 an sayar wa mata masu ciki maganin talidomayid a ƙasashe da dama a kan cewa ba shi da illa, aka haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa kafin a janye shi a 1961. Tun shekarun 1920 aka riƙa zuba dalma a man fetur, masu sana'ar suna cewa babu komai, kuma sai a 2021 aka daina sayar da irin wannan mai ga motoci a duniya baki ɗaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai dai a duba yadda aka kama ɓarnar dalmar. Clair Patterson, masanin da ya auna shekarun duniya ya sami kimanin biliyan 4.55, ya lura dalma tana gurɓata masa duk abin da ya zo aunawa. Ya gina ɗakin gwaji mai tsananin tsafta, ya auna ruwan teku da ƙanƙarar da ta daɗe a daskare, ya nuna da lambobi cewa dalmar da ke muhalli ta ƙaru ƙwarai a zamanin masana'antu. Awo ne ya karya musun kamfanoni. Dalma kuma ta koya mana iyakar ƙa'idar Paracelsus: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa, musamman ga ƙwaƙwalwar yara, kuma tana taruwa a jiki shekara da shekaru. Don haka "ai kaɗan ne" ba amsa ba ce ga kowane sinadari. Kowanne da nasa lissafin.

## Abin da ya shafi mai saye

Mu koma ga asfatem mu yi lissafin da kanmu. Mai nauyin kilogiram 70, iyakarsa 70 sau 40, wato miligiram 2,800 a rana. Gwangwanin lemo mara sukari yakan ɗauki miligiram 200 zuwa 300. Ke nan sai ya sha tsakanin gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya kai iyakar, in ba ya samun sinadarin daga wani abin. Amma a lura da guntun nan na "a kan kowane kilogiram". Yaro mai kilogiram 20 iyakarsa miligiram 800 ce, kusan gwangwani uku zuwa huɗu ke nan, kuma wannan ba adadi ne da ya fi ƙarfin yaro mai son zaƙi ba. Iyaye ne ya kamata su fi kowa riƙe wannan lissafi.

Akwai kuma waɗanda wannan iyaka ba ta isa ta kare su ba sam. Asfatem in ya shiga ciki yana rabuwa gida uku, ɗaya daga ciki shi ne fenilalanin, wanda ke cikin nama da madara da ƙwai. Masu wata cutar gado da ake kira PKU jikinsu ba ya iya sarrafa shi, yana taruwa ya taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya sa a ƙasashe da yawa doka ta wajabta a rubuta gargaɗi a jikin kayan. A kan wasu kwalaben ba za ka ga sunan asfatem ba, sai lambarsa, E951.

Sannan rashin wuce iyaka ba ya nufin abu yana da amfani. Wata biyu kafin waccan sanarwa, a Mayu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da irin waɗannan sinadaran zaƙi don rage ƙiba, saboda binciken da ta tattara bai nuna suna taimakawa a tsawon lokaci ba. Ita ma IARC da kwamitin JECFA duk sun nemi a ƙara bincike a kan asfatem, musamman wanda zai bi mutane shekaru yana auna ainihin yawan da suke sha.